Motar Jeji da Guzurinta: Yadda Ake Ratsa Hamada Lafiya

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Da yawa daga cikin ɗalibanmu za su bar makarantar nan su zama malaman asibiti, ko malaman gona, ko masu wa'azin bishara, kuma aikinsu zai kai su ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. Waɗansu ma za su zama direbobi ko makanikai. Saboda haka ya dace mu san irin motar da ake shiga jeji da ita, da kayan da ake ɗauka, da kuma dokokin da suke tsare ran matafiyi. Za mu ɗauki hamadar Sahara ta zama misalinmu, domin a can ne kuskure ƙarami yake zama mutuwa.

Taƙaitaccen Tarihi

Tun kafin zuwan mota, ayarin raƙuma suke ratsa Sahara. Buzaye suna tashi daga ƙasar Abzin su ƙetare hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, su yo lodin kantun gishiri da dabino, su kawo kasuwannin ƙasar Hausa. Tsakanin Agadas da Bilma akwai wajen kilomita 600.

A watan Disamba na 1922 waɗansu Faransawa suka tashi daga garin Tugurt na Aljeriya da motoci biyar ƙirar Citroën, suka isa Tambutu a farkon Janairu na 1923. Motocin nan suna da tayoyi a gaba, a baya kuwa wani ɗamarar roba ne mai kama da na tankar yaƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta fito da Land Rover a 1948, ta kwaikwayi jif ɗin sojan Amurka. Kamfanin Toyota na Japan ya soma tasa motar a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Waɗannan biyu su ne suka daɗe suna aikin jeji a ƙasashenmu, wajen jami'an gwamnati da asibitoci da 'yan mishan.

Abin da Ya Bambanta Motar Jeji

A ƙaramar mota, tayoyi biyu ne kaɗai inji yake juyawa, sauran biyun bi kawai suke yi. Idan masu jan suka faɗa laka, mota ta tsaya ke nan. Motar jeji kuwa tana da wani ƙarin akwatin giya wanda yake raba ƙarfin inji zuwa gaba da baya, har tayoyi huɗun su yi ja tare. A cikin akwatin nan akwai ƙaramar giya, wadda take rage gudu ta ƙara ƙarfi. Da ita ake hawan dutse a hankali, da ita kuma ake gangarowa ba tare da an ƙone birki ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a fahimta. Idan mota tana shan kwana, tayar waje takan yi tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. Don haka aka sa wata na'ura tsakanin tayoyin biyu wadda take barin kowace ta juya da nata gudun. A kan kwalta wannan alheri ne. A cikin laka kuwa matsala ce, domin ƙarfin yakan gudu zuwa tayar da take sulɓi, ita kaɗai ta yi ta juyawa a banza, mai kamun ƙasa kuma ta tsaya cik. Shi ya sa ake sa wa waɗansu motoci makulli wanda yake tilasta tayoyin biyu su juya tare. Da an fita daga wurin sai a buɗe shi, in ba haka ba ƙarafa za su sha wuya a kan hanya mai tauri.

Ban da wannan, cikin motar jeji yana nesa da ƙasa don kada ya daki dutse. Waɗansu suna da bututun iska da aka miƙar zuwa saman rufi, domin inji ya shaƙi iska mai ƙarancin ƙura, ruwa kuma kada ya shige shi wajen ƙetare rafi.

Tuƙi a Cikin Rairayi da Laka

Dabara ta fari a rairayi ita ce rage iskar taya, wani lokaci har kusan rabi. Taya mai ƙarancin iska takan baje a ƙasa, nauyin mota ya bazu a wuri mai faɗi. Ku dubi tafin raƙumi, za ku ga Allah ya riga ya nuna wannan hikima cikin halittarsa. Amma da an koma hanya mai tauri dole a mai da iskar, don taya mai laushi takan yi zafi ta fashe.

Gogaggen direba yakan yi sammako, saboda rairayi ya fi ƙarfi da sanyin safiya, da rana kuwa sai ya yi taushi. Ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya murɗa sitiyari farat ɗaya. Idan ya ji mota ta soma nutsewa, nan take zai ɗaga ƙafa daga totur. Wanda ya ci gaba da taka totur rami yake haƙa wa kansa, har cikin mota ya zauna a ƙasa. Abin yi shi ne a sauka, a kwashe rairayi daga gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faranti na ƙarfe masu huji, sa'an nan a fita a hankali. Irin farantan nan da su sojoji suke shimfiɗa filin saukar jirgin sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya matafiya suka gane amfaninsu.

Da damina a ƙasarmu laka da rafi ne abin tsoro. Kada a shiga ruwa da mota sai wani ya ratsa shi da ƙafa, da sanda a hannu, ya auna zurfinsa. Idan ruwan ya fi ƙarfin mutum, a haƙura a jira ya janye.

Kayan da Ake Ɗauka

Ruwa shi ne kan gaba. Mutumin da yake aiki cikin zafin rana yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya cikin sa'a guda. Bari mu yi lissafi. A ce mutum huɗu za su yi tafiyar kwana 5, kowa kuma an ware masa lita 6 a rana don sha da girki. Jimla lita 120 ke nan, wato jarka 6 masu cin lita 20. Idan aka ƙara tanadin kwana 3 saboda tsautsayi, ana bukatar ƙarin lita 72. Tun da lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, ruwan kaɗai ya kusa kilo 200. Kada a zuba shi duka a mazubi ɗaya, don in ya huje an rasa kome.

Mai ma haka yake. Mota tana shan mai a rairayi fiye da yadda take sha a kwalta, saboda haka lissafin da aka yi a gari ba zai wadatar ba. Sai kuma safaya guda biyu, da kayan faci, da famfon iska, da jak tare da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai don kada ya nutse. A ɗauki igiya mai ƙarfi ta jan mota, da fambel, da robar lagireto, da man inji, da sifanoni. A cikin akwatin magani a sa bandeji, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da gishiri da sukari na haɗa ruwan da ake ba mai gudawa. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa a tsakiyar mota. Wanda ya tula jarkoki a saman rufi yana neman motarsa ta kife a kan gangare.

A yau akwai na'urar da take nuna wa mutum inda yake ta hanyar tauraron ɗan adam, akwai kuma wayar da take aiki inda babu layin salula. Dukansu suna da amfani, amma batir yakan mutu. Taswira da kamfas da jagora ɗan ƙasa ba a barinsu a gida. Matambayi ba ya ɓata.

Zango da Kwana

A tsaya tun da sauran rana don a ga wurin sosai. Kada a kafa tanti a cikin busasshen rafi, ko da sama tana garau, domin ruwan da aka yi a kan duwatsu masu nisa yakan taho da dare ba sallama. Kada kuma a kwana a kan sawun motoci. Hamada tana da sanyi ƙwarai da dare, musamman lokacin hunturu, don haka bargo wajibi ne. Amma kada sanyi ya sa a shigar da garwashi cikin tanti a rufe, gama gawayi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. Da safe a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Kafin a tashi a kashe wuta, a kwashe shara, a bar rijiya da tsabta domin masu zuwa a baya.

Darasi Mai Ɗaci

A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da dama kuma daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito, wato 'yan'uwanmu Hausawa. Motocin da suka ɗauko su daga Arlit ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Masu kuɗi ma ba su tsira daga ɓata ba. A 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana 6 a Sahara cikin tseren motoci na Paris zuwa Dakar, sai da jirgin sama ya gano shi tare da abokan tafiyarsa. Tseren kansa an soke shi a 2008 saboda rashin tsaro, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, daga 2020 kuma aka mai da shi Saudiyya.

Daga irin waɗannan abubuwa matafiya suka koyi dokoki uku. Kada mota ɗaya ta shiga hamada ita kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A sanar da hukuma da dangi hanyar da za a bi da ranar isa, a kuma bincika lafiyar hanyar kafin a tashi. Idan mota ta lalace, a zauna kusa da ita, a yi inuwa, a daina motsi da rana, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, rai kyauta ce daga Allah, kuma direba amanar rayukan fasinjojinsa take hannunsa. Mu yi addu'a kafin mu tashi, mu kuma duba taya, mu ƙirga jarkoki. Ranar da aiki ya kai ku inda kwalta ta ƙare, ku tuna da lissafin ruwan nan, ku koya wa na kusa da ku. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.