Ɗora Ƙunshin Darasi a Dandalin Moodle: Abubuwan da Mai Nazarin Harshe Zai Kula da Su

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, ɗaya daga cikin malamanmu ya ba ni aikin ɗora darasin tsarin sautin Hausa a dandalin koyarwa ta intanet, domin ɗaliban shekarar farko su riƙa bita. Ɗorawar ba ta ɗauke ni minti biyar ba. Bayan kwana biyu wata ɗaliba ta zo da kuka: ta rubuta amsa daidai, na'ura ta ce kuskure ce. Wani kuma ya amsa dukan tambayoyin, amma rajistar maki ta ba shi 1. Da na bincika sai na tarar laifin nawa ne, domin na ɗora ƙunshin ba tare da na daidaita shi ba. Wannan maƙala za ta bayyana yadda aikin yake, da wuraren da hakkin ɗalibi ke iya salwanta.

Mene ne ƙunshin darasi?

Ƙunshin darasi fayil ne guda ɗaya na zip, wanda aka tattara shafukan karatu da hotuna da muryoyi da tambayoyi a cikinsa. Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa wajen shirya shi ita ce SCORM, wadda shirin ADL na ma'aikatar tsaron Amurka ya samar. Sigar 1.2 ta fito a shekarar 2001, sannan SCORM 2004 ta biyo baya. Amfanin ƙa'idar shi ne darasin da aka shirya sau ɗaya ya yi aiki a dandali daban-daban, ya kuma riƙa kai wa dandalin rahoto: wane ne ya shiga, ina ya tsaya, maki nawa ya samu.

Shi kuwa Moodle, wanda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, manhaja ce ta kyauta da jami'o'i da yawa ke amfani da ita. Yana karɓar SCORM 1.2 sosai, amma bai cika dukan sharuɗɗan SCORM 2004 ba. Saboda haka, idan manhajar da aka shirya darasin da ita ta ba da zaɓi, sigar 1.2 ta fi dacewa.

Kafin ɗorawa

A cikin kowane ƙunshi akwai fayil mai suna imsmanifest.xml. Shi ne jagoran ƙunshin: yana lissafa sassan darasin da jerinsu da shafin da za a fara buɗewa. Wajibi ne ya kasance a farfajiyar zip ɗin, ba a cikin wata jaka ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dunƙule jakar gaba ɗaya maimakon abubuwan da ke cikinta. Nan take Moodle zai ƙi karɓa.

Sai batun nauyi. Kowane dandali yana da iyakar girman fayil da yake karɓa, kuma darasin harshe ba ya rasa muryoyi. Minti ɗaya na sauti a tsarin WAV mai ingancin faifan CD yakan kai kimanin megabait 10, alhali a MP3 yakan tsaya a kimanin megabait 1. Ɗalibin da ke buɗe darasi da wayarsa, da kuɗinsa yake sayen kowane megabait. Don sauraro MP3 ya wadatar. Idan ana son ɗalibai su auna sauti da Praat, gara a ajiye musu fayilolin WAV daban, a wajen ƙunshin.

Ɗorawar kanta gajera ce: a kunna yanayin gyara a shafin kwas, a zaɓi ƙara aiki, a zaɓi ƙunshin SCORM, a ba shi suna, a saka zip ɗin yadda yake ba tare da an kwance shi ba.

Baƙaƙe masu ƙugiya da alamun karin sauti

A nan ne darasin Hausa ya bambanta da na Faransanci. Ƙa'idar rubutun Hausa da aka tsayar a Nijar a 1999 tana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma kowannensu yana da lambarsa a Unicode. Ta ƙ, alal misali, ita ce U+0199. Idan ba a adana shafi a tsarin UTF-8 ba, ko ba a bayyana hakan a kansa ba, ƙ na iya fitowa a matsayin Æ™, ɗ kuma É—. Idan kuma wayar ɗalibi ba ta da zubin haruffan da ke ɗauke da su, sai ya ga ƴan akwatuna. Darasin da ke koyar da bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", ya rushe ke nan. Maganinsa shi ne a saka zubin haruffa irin su Charis SIL ko Andika a cikin ƙunshin. Lasisinsu ya yarda da haka.

Sunayen fayiloli kuwa, kada a sa musu ƙugiya ko alama ko tazara. Manhajojin zip ba su da hanya ɗaya ta adana irin waɗannan sunaye, sai a wayi gari shafi yana neman muryar da sunanta ya sauya. Haka nan uwar garken da ke aiki da Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami: a wurinta Kafa.mp3 daban, kafa.mp3 daban, ko da darasin ya yi aiki lafiya a kwamfutar mai Windows.

Matsalar ɗalibar da na ambata ta fi waɗannan ɓoyuwa. An bukace ta ta rubuta wùyā, wato wahala, domin bambanta ta da wuyā̀ na jiki. Harafin ù yana da hanyoyin shigarwa biyu: a matsayin harafi guda, ko a matsayin u da aka ɗora masa alama daga baya. Ido ba ya ganin bambanci, amma ƙunshin da ke kwatanta amsa lamba da lamba yana gani. Dogon wasali mai karin sautin ƙasa irin ā̀ ma ba shi da harafi guda a Unicode, dole sai an haɗa. A tuna kuma allon rubutun AZERTY da muka saba da shi ba shi da ƙ ko ɗ. Don haka a jera dukan amsoshin da za a karɓa tun wajen shirya darasin, har da 'y ta rubutun Nijeriya a gefen ƴ. Inda ba rubutun ake gwadawa ba, a bar ɗalibi ya zaɓi amsa daga jeri.

Daidaita maki da yawan gwaji

Moodle yana da hanyoyi huɗu na lissafa maki: ƙirga sassan da aka kammala, ɗaukar maki mafi yawa, matsakaici, ko jimilla. Ɗalibin nan da ya samu 1, hanyar farko ce ta cuce shi: ƙunshin sashe ɗaya ne, ya kammala shi, aka ƙirga masa ɗaya. Idan akwai jarrabawa a ciki, a zaɓi ɗaya daga cikin sauran ukun. Tun da mu a kan 20 muke ba da maki, yawancin ƙunshi kuma a kan 100 suke aikowa, a bar iyakar makin aikin ta dace da ta ƙunshin, a yi juyin zuwa 20 a rajistar maki.

Sai yawan gwaji. Akwai zaɓin da ke tilasta sabon gwaji duk lokacin da ɗalibi ya sake shiga. A wurin da wuta ke ɗaukewa, intanet ke yankewa, wannan zalunci ne: wanda layi ya katse masa a tambaya ta uku zai rasa damarsa. A bar shi ya ci gaba daga inda ya tsaya, a kuma kunna zaɓin adana bayanai kai tsaye, domin wasu ƙunsoshin sai a ƙarshe suke aika rahoto. A sani cewa SCORM 1.2 ta ware haruffa 4096 kawai don tuna matsayin ɗalibi, shi ya sa raba dogon darasi gida-gida ya fi aminci. Manhajar Moodle ta waya tana ba da damar sauke ƙunshin SCORM 1.2 a yi aiki ba intanet, rahoton ya tafi idan layi ya dawo.

Kammalawa

Kafin a buɗe darasi ga aji, a shiga da asusun gwaji na ɗalibi, a kan ƙaramar waya. A amsa daidai sau ɗaya, a amsa kuskure sau ɗaya, a katse intanet a tsakiya, sannan a duba abin da rajista ta rubuta. Kada a bari sai ɗalibai sun fara, domin sauya ƙunshi daga baya na iya shafe bayanansu idan lambobin sassan da ke cikin imsmanifest.xml suka canza. Rigakafi ya fi magani. Makin da ya shiga rajista da sunan malami yake shiga, kuma shi ɗalibi zai tambaya, ba na'ura ba.