Masu Hasashen Labari Ba Zaman Kashe Wando Suke Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye da malamai a nan Maiduguri, wadda nake so in yi mata gyara cikin ladabi. Cewa ake yi samarin yanzu sun shagala da labaran aljanu da takubban sihiri da suke karantawa a waya, musamman masu zanen nan da ake saki kashi-kashi. Abin da ya fi ƙona wa manya rai kuwa shi ne musun da ke biyo bayan karatun: wa zai mutu a kashi na gaba, wa zai ci amanar jarumi, yaya za a yi da bokan da ƙarfe ba ya kama shi. Sai ka ji an ce, labarin da ko rubuta shi ba a yi ba, a zauna ana tada jijiyar wuya a kansa, in ba rashin aikin yi ba mene ne?

Da farko dai, a daina kiran abin baƙo. Sarakunan Sefuwa da suka mulki Kanem da Borno har zuwa 1846 sun danganta asalinsu da Saifu bin Zi Yazan na Yaman, jarumin da ƙissarsa ta Larabci cike take da aljanu da matsafa. A ƙasar nan ake ba da labarin mutanen So, samudawan da aka ce sun zauna a yankin Tafkin Chadi. Bayajida ma ta Borno ya bi kafin ya isa rijiyar Kusugu. A boko kuwa, Ruwan Bagaja da Ganɗoki tun 1934 suke hannun mutane, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da yayyenmu suka riƙa karɓar haya. Dabarar tsayar da mai sauraro da labari ita ce akun Magana Jari Ce ya yi amfani da ita ya hana Musa fita daga fada. Waya ta sauya mazubi ne kawai.

Amma babbar hujjata tana cikin musun kansa. Tun da aka lalata turakun lantarki na hanyar Damaturu a Janairun 2021, rumfar mai caji ta zama majalisar samari, kuma har yau ba ta watse ba. A irin wannan rumfa a Gwange na ji wasu biyu sun kacame a kan wani tsoho na cikin labarin da suke bi.

"Wallahi tsohon nan ne zai sayar da su."

"Haba Yaya, wanda ya cece su har sau biyu?"

"To me ya sa duk inda aka zana shi hannunsa na hagu yana cikin riga? Ka manta tambarin matsafan a hannun hagu ake yin sa? Koma baya ka duba."

Ƙaramin ya koma baya, ya yi ta jan allon waya da ɗan yatsa, ya buɗe hoton ya ƙura masa ido. Bai sallama ba, sai ya kawo wani wurin da tsohon ya ɗaga hannuwa biyu yana addu'a, aka shiga tantance ko hannun rigar ya zame ko bai zame ba.

Waɗannan yaran sun riƙe abin da suka karanta watanni da suka wuce, sun lura da abin da mai zane ya ɓoye a gefen hoto, sun ƙulla hujja, suka ƙalubalanci juna, suka koma ga nassi. Malamin adabi a sakandare yana shan wahala kafin ya samu ɗalibi ɗaya a aji da zai yi masa haka a kan littafin jarrabawa.

Kuma hasashen ba shaci-faɗi ba ne, domin irin waɗannan labarai suna da ƙa'ida. Mai karatun littattafan yaƙi ya san kowane tsafi yana da makari, kuma marubucin kirki sai ya nuna makarin tun da wuri, ko da a fakaice. A Amurka akwai wani labarin zane mai suna The Order of the Stick, wanda Rich Burlew ya fara a 2003. An gina shi ne a kan dokokin wasan Dungeons & Dragons, inda kowane jarumi yake da matakin ƙarfinsa, mai sihiri kuma yake da iyakar sihirin da zai iya yi a rana. Masu bin sa lissafi suke yi kafin su ce wane zai kayar da wane. A 2012 sun tara masa sama da dala miliyan 1 don a sake buga littattafansa, wato dai cikinsu akwai masu sana'a da abin hannu.

Inda manya suka yi gaskiya, sun yi. Akwai yaron da kiran salla zai wuce shi yana kan waya, akwai mai cinye kuɗin makaranta a sayen data. Akwai labaran da batsa ta yi musu yawa, ko tsafin cikinsu ya wuce gona da iri, kuma haƙƙin uba ne ya san abin da ɗansa yake karantawa. Akwai kuma rashin tarbiyyar masu zagin marubuci don labari bai bi son ransu ba, ko da yake wannan ma tsohon ciwo ne: da marubuci Conan Doyle ya kashe jarumin labarinsa Sherlock Holmes a 1893, masu karatu ba su bar shi ya sha ruwa ba, daga baya dole ya dawo da shi. Duk waɗannan laifin rashin tsari ne da rashin ladabi, kuma ana samun su a majalisar ƙwallo fiye da haka, ba wanda ya ce a rufe gidajen kallo.

Roƙona ga iyaye da malamai shi ne, in kun ji yaro ya rantse cewa ga abin da zai faru a kashi na gaba, kafin ku karɓe wayar ku tambaye shi hujjarsa. In ya kawo, ku miƙa masa Ruwan Bagaja, ku tsayar da shi a tsakiya, ku ce ya faɗi yadda Alhaji Imam zai ƙare da Malam Zurƙe.