SAYEN TSOHON GIDA: A DUBA KAFIN A BIYA

A shekarar 1927 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta sadu da ta Kaduna da ta Jos a Kafanchan. Tun daga lokacin garin ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da masu aikin mishan suka yi ta kafa gidaje. Waɗansu daga cikin gidajen nan sun doshi shekara 100, yau kuwa jikoki ne ke sa su a kasuwa, haka kuma abin yake a Kagoro da Zonkwa da Kwoi. Wannan ɗan littafi an shirya shi ne domin mutumin da ya ga irin wannan gida, ya yi sha'awa, yana shirin zuba guminsa na shekaru a cikinsa.

1. Wa ke da ikon sayarwa?

Kafin a yi maganar bango, a fara da maganar ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana. Wanda ke riƙe da takardar shaidar mallaka ba shi da ikon miƙa ta ga wani sai da yardar Gwamna. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce ke ajiye rajistar filaye. Lalle ne mai saye ya sa lauya ya bincika a can, ya tabbata sunan da ke kan takarda shi ne na mai sayarwa, kuma ba a jinginar da gidan ga banki ba.

Idan gidan gado ne, a nemi shaidar rabon gado daga kotu, magada kuma su sa hannu dukansu. Idan kwatas ne na reluwe, a sani filin na Gwamnatin Tarayya ne. Daɗewar tsohon ma'aikaci a ciki ba ta mayar da shi mai gida ba, sai ya nuna takardar da ta tabbatar hukuma ta sayar masa.

2. Gidan da doka ke karewa

A Ingila akwai rajistar tsofaffin gine-gine wadda aka kasa daraja uku, ba a kuwa canja fasalin gidan da ke cikinta sai da izni. Mu ma muna da makamanciyarta. Doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da wurare kamar Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau a Katsina, da ganuwar Zariya. Ginin da aka ayyana ƙarƙashin wannan doka ba a rushe shi, ba a canja shi, sai da iznin Hukumar a rubuce.

Irin waɗannan gine-gine ba su da yawa, tsufa kaɗai kuwa ba ya shigar da gida cikinsu. Duk da haka, mai niyyar rushe tsohon gini ya kafa bene ko shaguna ya kyautu ya rubuta wa Hukumar ya tambaya, gama gidan da ba ka da ikon taɓawa kuɗinsa bai kai na wanda kake da iko da shi ba. A tuna kuma, wannan yanki shi ne ƙasar Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928. Wanda ya ci karo da irinsu wajen haƙa harsashi, doka ta wajabta masa sanar da Hukumar, ta kuma hana shi sayarwa.

3. Masu dubawa

Mutum uku ake bukata, aikinsu kuwa ba ɗaya ba ne. Safiyo shi ke auna fili, ya gano ko katangar maƙwabci ta ci iyaka. Injiniya mai rajista da hukumar COREN shi ke duba lafiyar gini. Mai ƙiyasta darajar gidaje, wanda dokar 1975 ta tsara rajistar aikinsa, shi ke faɗin abin da gidan zai iya yi a kasuwa. Mai saye shi ya kamata ya ɗauke su, ya biya su da kansa. Dillali yana da ranarsa, amma la'adarsa tana ƙaruwa ne da ƙaruwar kuɗin gida, don haka kada a mayar da shi alƙalin ciniki.

Ƙasar Kafanchan ta fi ta Kano ruwan sama nesa ba kusa ba, damina takan kai wata shida ko fiye. Saboda haka babban abokin gabar tsohon gida a nan shi ne danshi. A sa injiniya ya hau cikin silin ya taɓa katakon rufi, gama gara takan cinye cikinsa ta bar bayansa garau. Ya duba gindin bango, inda ruwan indararo ke zuba. Ya ƙwanƙwasa shafen siminti, domin sau da yawa an shafa shi ne a kan tubalin ƙasa, ya riƙe danshi a ciki har bangon ya ruɓe. Ya bambanta tsagewar shafe da tsagewar da ta taso daga harsashi. Ya duba wayar wuta, da nisan da ke tsakanin shadda da rijiya. Idan rufin na asbesto ne, a sani ƙurarsa tana cutar huhu, sauke shi kuwa aiki ne na masana. Wanda ya sami zarafin ganin gidan a watan Agusta ya fi wanda ya gan shi da rani, cikin sabon fenti.

4. Yadda ake komawa ciniki

Asirin abin yana ga tayin farko. Mai saye ya faɗa a gaban shaidu, ya kuma sa a rubuce, cewa tayinsa yana tsaye ne bisa sharaɗin abin da bincike zai nuna. Idan an nemi kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar da shi muddin aka sami babban aibi. Wanda bai yi haka ba, in ya dawo neman ragi, sai a ce ya tayar da magana bayan sallama.

Da rahoto ya zo, a raba aibobin gida biyu. Akwai waɗanda ido ya gani tun ranar farko, kamar koɗaɗɗen fenti da fasasshen gilashi. Waɗannan sun riga sun shiga cikin tayi, gama kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Akwai kuma ɓoyayyu, waɗanda bincike ne ya tono su. A kansu kaɗai ake neman ragi. A samo ƙiyasin gyara a rubuce daga magina biyu ko uku, a kai wa mai gida tare da rahoton.

Ga misali. A ce an sa wa gida naira miliyan 20, aka taya miliyan 18, aka sallama bisa sharaɗi. Rahoto ya nuna katakon rufi zai ci naira 2,500,000, gindin bango da magudanar ruwa 1,000,000, wayar wuta 700,000. Jimla 4,200,000 ke nan, watau mai saye yana da hujjar komawa 13,800,000. Mai gida kuwa yana iya cewa sabon rufi mai saye ne zai more shi shekara da shekaru, ba daidai ba ne a ɗora masa nauyin duka. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, in aka tsaya a miliyan 15 ba a cuci kowa ba.

Wani mai gidan yakan ce ya fi son ya yi gyaran da kansa. In an yarda, injiniyan mai saye ne zai tsara aikin, ya kuma duba shi kafin a cika kuɗi. Amma karɓar ragi ya fi, domin mai barin gida ba ya gyara kamar mai shiga.

A riƙa tuna cewa gidan nan a cikinsa aka binne cibiyar mai sayarwa. Kushe gidan mahaifin mutum a gabansa ba ya sauko da kuɗi, sai dai ya jawo “albarka”. A bar takarda ta yi magana. Mai sayarwa shi ma ya fi masa alheri ya bayyana aibin da ya sani, gama addini da al'ada duka sun hana ɓoye shi.

5. Lokacin haƙura

Aibi uku ba su da ragi: takardar da ba ta inganta ba, magadan da ba su daidaita ba, da harsashin da ya zauna har gyaransa ya doshi kuɗin sabon gini. In ɗayansu ya bayyana, a yi godiya a janye. Bayan an sa hannu an biya, da wuya kotu ta mayar wa mutum kuɗinsa saboda ɓarakar da bincike zai iya nunawa.

Jama'a, kuɗin dubawa ƙalilan ne in an gwada su da kuɗin gida. A bincika takarda, a duba gini, a rubuta sharaɗi, sa'an nan a biya ta banki a karɓi rasit. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.