Turaren mai: Inda ji ya kori gani

Ka tuna irin fitowar nan da ba a rasa ta a finafinan soyayya? An kawo amarya, ƙawaye sun watse, hayaƙin turaren wuta na tashi daga kasko. Ango ya yi sallama ya shigo cikin farar shadda, ya ja numfashi ya lumshe ido. Mu 'yan kallo sai mu taya shi lumshe ido, alhali ba abin da hancin mu ya ji sai ƙaurin janareton maƙwabta!

Kyamara na ɗaukar hoto, makirfo na ɗaukar murya, amma ƙamshi ya gagari darakta. Turawa ma sun gwada. A 1960 an yi wani fim a Amurka mai suna 'Scent of Mystery', inda aka jona ƙananan bututu a kujerun silima su na hura wa 'yan kallo ƙamshi daidai da abin da ke faruwa a majigi. Wasu ƙamshin ya iso masu a makare, wasu ƙarar bututun ta dame su. Daga wannan fim ba a sake yin wani da na'urar ba.

Wataƙila shi ya sa masoya fim ba su gajiya da tambayar nan: wai wane turare jarumi wane ke shafawa? 'Yan kasuwa kuwa sun gano lagon mu. Sai su ɗura mai a 'yar kwalba, su manna takarda, su rubuta sunan jarumi ko jarumar da ke tashe, ko sunan wani turaren Faransa mai tsada. Mu kuma mu saya don suna.

Ni ma na taɓa faɗawa

Kada ka ce ina yi maka wa'azi, mai karatu, ni ma an ci kasuwa ta. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah na sayi wata kwalba mai ɗauke da sunan wani jarumi da na ke matuƙar so. Ko shinshinawa ban yi sosai ba, ganin sunan kawai na zaro kuɗi. Ranar Idi na laɓta shi a wuya da ƙirjin sabuwar shadda ta. Kafin a sauko daga Idi ƙamshin ya gudu, ya bar wani wari kamar na roba. Kafin la'asar wuya na ya yi jajir da ƙuraje, shadda kuwa ta yi jirwayen da har yau bai fita ba. Na tabbata shi jarumin bai ma san da zaman kwalbar a duniya ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To a harkar turare ji ne ya kori gani. Tun daga ranar na ɗaura niyyar koyon abin da hanci na. Makarantar da na shiga kuwa ita ce teburan masu turare na ƙetaren gada, nan kudancin Kaduna.

Ƙetaren gada

Idan ka ƙetare kogin Kaduna ka wuce shataletalen tashar jirgin ƙasa, ka shigo yankin Barnawa, Makera da Kakuri, titin Kachia kuma ya miƙa da kai Television har Sabon Tasha. Da can unguwannin ma'aikata ne. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, kamfanin haɗa motoci na Peugeot ya biyo baya a 1975. Masaƙar ta rufe a 2002, wasu ma suka bi ta, mutane da dama suka koma neman na kan su. Yau idan ka zaga kasuwar Litinin ta Kakuri, wadda kowa ya fi sani da Monday Market, ko bakin masallatan Juma'a, ba za ka rasa mai tebur ko akwatin gilashi cike da ƙananan kwalabe ba.

Kowa ya san yadda rikicin 2000 da na 2002 suka sa kogin nan ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya. Amma ka tsaya gaban teburin mai turare ka sha kallo. Mai shirin Juma'a da mai shirin zuwa coci ran Lahadi kafaɗa da kafaɗa su ke miƙa hannu a ɗiga masu, har ɗaya na ba ɗaya shawara.

A nan na haɗu da wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Na nuna masa kwalbar da ta cuce ni, na ce, “Baba, don Allah duba min wannan.” Ya buɗe, ya kai hanci sau ɗaya, ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, takarda ka saya ba turare ba. Kawo hannun ka.” Ya ɗiga min wani, ya ce in je in yi yawo na, in dawo bayan azahar mu yi ciniki. Darasi na farko ke nan.

Mene ne turaren mai?

Turaren feshi yawanci an narka shi ne cikin sinadarin alkohol, shi ya sa ya ke bugun hanci nan take, ya cika ɗaki, sannan ya yi saurin tashi. Turaren mai kuwa a hankali ya ke buɗewa da ɗumin jiki. Ba ya ihu, sai wanda ya matso kusa ya ji shi.

Ana auna shi da tola, ma'aunin mutanen Indiya, wanda ya kai kusan mil 12. Shi ya sa za ka ga kwalaben mil 3, mil 6 da mil 12, wato rubu'i, rabi da cikakkiyar tola. Akwai na kamfani da ke zuwa a like, irin su Al-Rehab na Saudiyya da Ajmal na Dubai. Akwai kuma wanda mai tebur ke zuƙowa da sirinji daga babbar kwalba, ya haɗa maka biyu ko uku a gaban ka. Irin wannan haɗin Larabawa ke kira mukhallaɗ, kuma a nan ake gane gwani. A nan ne kuma ake ha'inci. Ana sirka turare da wani mai marar ƙamshi da ake kira DPG, wanda daidai gwargwado ba laifi ba ne, amma mai son zuciya sai ya cika shi har turaren ya zama lami.

Waɗanda suka burge ni

Ud. Shi ne za ka ga an rubuta Oud a jikin kwalba. Daga bishiyar Aquilaria ake samun sa, a jihar Assam ta Indiya da ƙasashe irin su Kambodiya, Biyetnam da Indunusiya. Sai bishiyar ta ji rauni, funfuna ta shige ta, sannan ta fitar da wani baƙin ƙaro don kare kan ta. Wannan ƙaron shi ne ud. Saboda yawan sara, tun 1995 yarjejeniyar CITES ta duniya ta sa wa cinikin wani jinsin bishiyar takunkumi. Sau ɗaya aka taɓa ɗiga min na ainihi, ɗan Indiya. Wallahi da farko na yamutsa fuska, don wani wari ya yi kamar garken shanu da sabuwar fata. Bayan awa guda sai ya koma wani ƙamshin itace mai zaƙi da ya kwana a hannu na. Gaskiyar magana, mafi yawan ud ɗin kan tebur haɗin sinadarai ne. Wasu na da daɗi ƙwarai, ni ma ina sawa. Sai dai kada ka biya kuɗin doki a ba ka jaki. Ya fi dacewa da hunturu, da dare, da taron biki.

Almiski. Na asali baƙi ne, daga wata 'yar jaka da ke kusa da cibiyar namijin wata irin barewa ta tsaunukan Himalaya da Saberiya. Farauta ta kusa ƙarar da ita, don haka samun sa sai an sha wuya. Farin almiski mai kauri da 'yan mata ke rububi, wanda ake kira miskin ɗahara, a ɗakin haɗa sinadarai ake yin sa. Tun 1888 wani masani mai suna Albert Baur ya gano almiskin roba, a lokacin da ya ke gwaji kan sinadaran nakiya. Ni dai ina son sa don ƙamshin sa kamar na wanda ya fito wanka. Idan kai ɗalibi ne, ko mai shiga motar haya kullum, shi zan ce ka fara da shi. Ba ya hawa wa kowa kai.

Wardi. Samari da yawa na gudun sa wai na mata ne. Ku tambayi alhazai. Garin Ɗa'if na Saudiyya ya yi suna da furen wardi, wanda ake tsinka da sassafe wajen watan Afrilu. Sai an tara fure sama da tan 3 kafin a tatsi kilo ɗaya na man sa, ka ga kuwa ba zai yi araha ba. Shi kaɗai ya yi min kaifi, amma ɗigo ɗaya a kan ud, kai, sai ka ji kamar ka shiga Harami.

Sandal da 'yan uwan sa. Masoya finafinan Indiya, ga naku. A garin Kannauj na jihar Uttar Pradesh har yau ana dafa furanni cikin manyan tukwanen tagulla, tururin ya bi ta gora ya sauka cikin man sandal. A can ake yin shamama, mai ɗumi da ƙamshin kayan yaji. Su na ma dafa gasasshen yumɓu su fitar da wani mai suna mitti, mai ƙamshin ƙasa idan an yi ruwan farko. Sandal shi ne aboki na a bazara, don ya na da sanyi, ba ya rikiɗewa idan an yi gumi.

Bint El Sudan. Kada ku yi dariya, na san za ku ce na tsofaffi ne. Wani Bature ɗan Ingila, Eric Burgess, shi ya samar da shi a 1920 wa kamfanin W.J. Bush na Landan. Mai ne, babu alkohol a cikin sa, kuma an daɗe ana haɗa shi a Kano. Duk ranar da na buɗe shi sai in tuna adakar kaka ta. Turaren da ya haura shekara ɗari a kasuwa ai ba a banza ba.

Humra. Wannan ta mata ce, kuma ita ce haɗin hannu na gaske. Daga Sudan da Chadi ta shigo mana, ta hannun Shuwa da Barebari na Barno. Ana haɗa garin sandal, da farce (murfin wani dodon koɗi na teku da ake gasawa), da almiski, wasu su ƙara kanumfari ko ƙajijin mu na gida, a jiƙa cikin turaruka a rufe na makonni har ya tsumu. Kowace mai haɗi da sirrin ta. 'Yar uwa, idan za ki sayi ta lefe, fara karɓar 'yar kaɗan ki gwada. Mai kyau ƙara daɗi ta ke yi idan ta kwana biyu, ta bogi kuwa tsami ta ke yi.

Kafin ka zaro kuɗi

Na ɗaya, kada ka yanke hukunci daga bakin kwalba. A ɗiga maka a wuyan hannu, ka tafi. Abin da ka ji a mintunan farko mai saurin tashi ne. Wanda ya rage bayan awa uku ko huɗu shi za ka zauna da shi. Mai turaren da ya yarda da kayan sa ba ya tsoron ka tafi ka dawo.

Na biyu, kada ka gwada fiye da uku a zuwa ɗaya. Daga nan hanci ya gaji, komai sai ya zama iri ɗaya.

Na uku, gwada shi a cikin gwiwar hannu ka bar shi kwana ɗaya. Idan ka ji ƙaiƙayi ko wurin ya yi ja, rabu da shi ko na waye. Na kamfani kuma ka duba lambar NAFDAC. Wanda aka ɗura maka da sirinji ba shi da lamba, fatar ka ce kawai alƙali.

Na huɗu, fata ake shafa wa, ba farar shadda ba. Ni shaida ne. A hunturu ka fara shafa man kaɗanya ko basilin marar ƙamshi, don busasshiyar fata ba ta riƙe turare.

Na biyar, ɓoye kwalbar ka daga rana da zafi. Wadda ta wuni a kan tebur rana na dukan ta, ko a cikin mota, ta riga ta fara lalacewa.

Na shida, sayi mil 3 tukuna. Kuma ka tuna abin da ya yi daɗi a jikin abokin ka ba lallai ya karɓe ka ba, don kowa da irin fatar sa. Su kuma masu talla a TikTok da Instagram, ba a cinikin biri a sama. Waya ma kamar kyamara ce, ba ta kawo ƙamshi.

Na koma wajen dattijon nan bayan azahar kamar yadda ya ce. Ƙamshin na nan a hannu na, ya ma fi na safe daɗi. Haɗin sandal ne da ɗan wardi, kuma kwalbar ko takarda babu. Na ce, “Baba, mene ne sunan sa?” Ya ce, “Idan ya karɓe ka, sa masa naka.” Rubu'in tola na saya, ya kai ni har babbar Sallah.

Don haka masoya, ku so jaruman ku, ku kalli finafinan su, amma ranar sayen turare ku bar sunan su a gida ku tafi da hancin ku. Wanda kuma ya taɓa sayen takarda irin tawa, ko ya dace da wani haɗi mai daɗi a garin su, filin wasiƙu na nan a buɗe. Sai mun ji daga gare ku.