Me Ya Sa Turaren Kwalba Mai Tsinkaye Yake Ƙin Tashi?

Mata da yawa da hannunsu ya faɗa a haɗa humra da turaren wuta sun fara gwada difiyuza, wato turaren kwalbar nan da ake tsoma wa tsinkaye. Sai a zuba turare mai tsada, a wayi gari ɗaki babu ƙamshi, a ce mai shago ya yi algus. Sau tari ba shi da laifi.

Difiyuza ba ta buƙatar garwashi ko lantarki. Ruwan turaren ne ke hawa ta cikin tsinke, yadda kananzir ke bin lagwanin fitila, idan ya kai sama iska ta kwashe shi. Duk abin da ya tare wannan hawan ya kashe aikin.

Shi ya sa kauri, wanda ake yabo a humra, yake zama matsala a nan. Man zaitun da man kwakwa sun yi nauyi, tsinke ba zai iya jan su ba. Ruwa kuwa ba ya haɗuwa da mai, sai turaren ya taso sama ya bar shi a ƙasa. Abin da ake so sinadari ne mai tsinkewa da aka yi domin wannan aiki, irin su Augeo. DPG da ake samu wurin masu sayar da kayan turare yana aiki, amma shi ma yana da ɗan kauri, sai an tsinka shi da ɗan alkohol. Turaren kansa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ya isa. A ganina kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne ƙara turare duk lokacin da ƙamshi ya ragu: haɗin na ƙara nauyi, tsinke na ƙara toshewa. Wani lokaci ma hanci ne ya saba, baƙon da ya shigo yana jin ƙamshin sarai.

Sai tsinke. Na ainihi daga ratan ake yin sa, wani itace mai yaɗo dangin dabino da ya yawaita a Indonesiya, kuma cikinsa akwai ƙananan kafofi tun daga gindi har kai. Tsinken tsire ba shi da irin su. A juya tsinkayen sau ɗaya a mako, a canza su idan an canza ƙamshi, ko idan ƙurar hunturu ta toshe su.

Kwalba ta zama ta gilashi mai ƙaramin baki, don wasu turarukan na cin roba. Kada a ajiye ta a rana ko ƙarƙashin fanka, nan da nan za ta ƙafe.

Don Allah a ɗora ta inda hannun yaro ba zai kai ba, nesa da kaskon turare, domin haɗin da ke da alkohol yana kama wuta. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar.