Abubuwan da ya kamata ka sani game da madabod ɗin tsohuwar kwamfutar tebur

A shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu ba ka rasa ganin kwamfutar tebur da aka jingine a lungu, aka yafa mata tsumma, aka ce ta mutu. In ka tambayi abin da ya same ta, amsar ɗaya ce: "Bod ɗin ne ya ƙone." Na buɗe irin waɗannan akwatuna da dama, kuma bod ɗin da na tarar ya ƙone da gaske bai taka kara ya karya ba. Galibi batir ne ya ƙare, ko ƙura ta shaƙe fanka, ko ram ya ɗaga daga mazauninsa. Abin yana min ciwo, domin injin da zai iya yi wa ɗalibai aiki na wasu shekaru sai ya ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Zan yi misali da bod mai soket LGA 775, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 2004. Shi ne mazaunin Pentium 4 na ƙarshe-ƙarshe da kuma Core 2 Duo, kuma irinsa ne ya cika akwatunan tokumbo da aka yi ta shigowa da su daga Turai da Amurka.

Me ke kan allon?

Madabod shi ne faffaɗan allon da komai ke haɗuwa a kansa. Tsarin da aka fi bi shi ne ATX, wanda Intel ya kawo a 1995: cikakken allo milimita 305 ne a tsawo, 244 a faɗi, ƙanensa microATX kuwa 244 ne ta kowane gefe. Wannan tsari ne ya sa ramukan sukuru na bod ɗin wani kamfani ke dacewa da akwatin wani. Sai dai manyan kamfanonin da ke yi wa ofisoshi kwamfuta, irin su Dell da HP, sun sha ƙera nasu bod da nasu akwati, don haka kada ka sayi bod a kasuwa da tunanin zai zauna a akwatinsu ba tare da ka auna ba.

A bod na wancan zamani akwai manyan cif guda biyu. Na sama, kusa da firosesa, wanda ke sanye da ƙarfen sanyaya, ana ce masa gadar arewa: shi ke haɗa firosesa da ram da katin hoto. Na ƙasa, gadar kudu, shi ke kula da had-disk da kafofin USB da sauti. Sunan waɗannan cif, kamar 915 ko 945 ko G31 ko G41, shi ne ainihin shaidar bod ɗin. Daga baya aka mayar da aikin gadar arewa cikin firosesa, shi ya sa ba ka ganinta a sababbin alluna.

Sauran abubuwan ba su da wuyar ganewa: dogon ramin PCI Express na katin hoto, wanda ya gaji AGP daga 2004, da fararen ramukan PCI, da ƙananan kafofin SATA, da doguwar kafar IDE mai fil 40 ta tsofaffin had-disk masu faffaɗar waya kamar ɗamara.

Ba kowace firosesa da ta zauna ke aiki ba

Nan ne mutane ke asarar kuɗi. Soket LGA 775 ya daɗe a kasuwa, kuma duk firosesocinsa girmansu ɗaya, amma bod mai cif 915 ba ya ɗaukar Core 2 Duo, wadda ta fito a Yulin 2006. Za ta zauna daram, ka kunna, allo ya tsaya baƙi. G31 da G41 kuwa suna ɗauka. Karanta lambar bod ɗin, wadda aka buga da manyan haruffa a tsakanin ramuka, ka nemi jerin firosesocin da kamfanin ya ce yana ɗauka kafin ka biya.

In bod ɗinka yana ɗauka, sauya Pentium 4 da Core 2 Duo yana daga cikin gyare-gyaren da na fi yarda da su. Wasu Pentium 4 suna kaiwa wat 115, ga zafi ga ƙarar fanka, alhali Core 2 Duo E8400 wat 65 take ci, kuma ta fi su sauri nesa ba kusa ba. Ga wanda ke aiki da janareta ko inbata, wannan bambanci yana da daraja.

Filolin nan 775 a cikin soket suke, siraran gaske, kuma yatsa ɗaya ya isa ya lanƙwasa goma. Ɗora firosesar daga sama a hankali, ka daidaita alamar zinare mai kusurwa uku da tsagogi biyu na gefe, kada ka ja ta a kai. Fankar tana da ƙafafu huɗu na roba. Danna biyu masu kallon juna ta kusurwa, sannan sauran biyun, ka leƙa bayan bod ka tabbata duk sun ɓullo. Ƙafa ɗaya da ba ta kama ba ta isa ta sa kwamfuta ta riƙa kashe kanta bayan 'yan mintuna. A allunan AMD na lokacin, kamar AM2, filolin a jikin firosesa suke, kuma busasshen man da ake shafa wa firosesa kan manne ta da ƙarfen sanyaya. Murza ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, in ba haka ba sai ya fizgo ta.

Ram: dubi tsagar

DDR2 da DDR3 duk fil 240 gare su, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma wutarsu ta bambanta: bolt 1.8 da bolt 1.5. In sanda ta ƙi shiga, kada ka yi mata ƙarfi. G31 iyakarsa gigabait 4, G41 yana kaiwa 8, sai dai yana da zaɓe: sandar DDR3 mai gigabait 4 da ke da cif takwas kacal yawanci ba ya karanta ta, sai mai cif 16, takwas a kowace fuska. Windows mai bit 32 kuma ba ta ganin abin da ya wuce gigabait 3 da 'yan kai, ko nawa ka zuba.

Jan makunnin da ke bayan akwati

Kafin ka jona kwamfutar da aka kawo daga waje, juya bayanta. Tsofaffin fawa-fak da yawa suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Amurka tana amfani da wuta mai bolt 120, Najeriya da Nijar da Ghana kuwa tamu tana tsakanin 220 da 240. In makunnin yana kan 115 ka jona shi a bangonmu, ƙara za ka ji da hayaƙi, wani lokaci har bod ɗin ya tafi tare da shi. Duba ɗaya na daƙiƙa biyu ne ke hana wannan.

Daga fawa-fak wayoyi biyu ke zuwa bod: babbar mai fil 20 ko 24, da ƙarama mai fil 4, rawaya biyu baƙi biyu, wadda ke ba firosesa bolt 12. An fi mantawa da ƙaramar, sai fankoki su juya, hoto ya ƙi zuwa. Ka sani kuma ko an kashe kwamfuta akwai bolt 5 da ke zaune a bod muddin waya tana bango. Zare ta, ka danna makunnin gaba na 'yan daƙiƙu, sannan ka sa hannu. Fawa-fak ɗin kansa kada ka buɗe shi. Manyan kafasitocin cikinsa suna riƙe wutar da za ta iya illata mutum ko bayan an zare.

Kafasitocin da suka kumbura

Kewaye da soket za ka ga ƙananan gwangwanaye a tsaye, kowanne da tsaga a kansa mai kama da alamar tarawa ko harafin K. Kafasitoci ke nan, aikinsu tace wutar da ke shiga firosesa ta zama lafiyayya. A cikinsu akwai ruwan sinadari, kuma zafi yana busar da shi sannu a hankali. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin rayuwar kafasita. Ka auna wannan da ɗakin da ba fanka a watan Afrilu.

Bod na wannan zamani yana da ƙarin matsala ta gado. Tsakanin 1999 da wajen 2007 an cika kasuwar duniya da kafasitoci marasa inganci. Yawancinsu daga wasu masana'antun Taiwan suka fito, da ruwan sinadarin da haɗinsa bai cika ba, wanda ke haifar da iskar haidurojin a cikin gwangwanin har kansa ya kumbura ko ya tsage. Manyan kamfanoni ma ba su tsira daga matsalar kafasita ba: a 2005 Dell ya ware kusan dala miliyan 300, galibi don gyaran kwamfutocinsa na OptiPlex, irin su GX270 da GX280.

Alamomin suna rikita mai gyara. Kwamfuta ta ƙi tashi da safe sai an danna sau uku ko huɗu, ko ta daskare tsakiyar aiki, ko ta sake kunna kanta. Sai a ce bairos ne, a goge Windows a sake ɗorawa, kwana biyu ciwon ya dawo. Haska tocila ka duba kan kowace kafasita ta gefe. Lafiyayya kanta a shafe yake sumul. Wadda ta yi tozo, ko ta fitar da wani abu ruwan ƙasa kamar tsatsa, ko ta karkace daga gindinta, ta gama aiki.

Ana sauya su, kuma mai gyaran rediyo ko talabijin da hannunsa ya faɗa zai iya. Sharuɗɗan su ne: lambar maikurofarad ta zama daidai da ta tsohuwar, bolt ɗin daidai ko sama, ta zama mai jure digiri 105, kuma irin wadda aka yi don madabod, domin ta rediyo ba ta daɗewa a wurin. Tana da ƙafar da ke da zane a gefenta, in aka juya ta baibai fashewa take. Bod yana da hawa-hawa na tagulla a cikinsa da ke shanye zafi, saboda haka ƙaramin ƙarfen liƙi ba ya narkar da dalmar, sai mai gyara ya yi ta ja har ya yage hanya. Shawarata, in ɗaya ta kumbura a jere, a sauya jerin duka, domin tare suka sha zafin. In kuwa sun haura goma, lissafa kuɗin aiki ka gwada da na wani bod ɗin. Wajen sayen wani, nemi mai kafasitoci gajeru masu ruwan azurfa da babu tsaga a kansu, waɗanda suka yawaita daga wajen 2007. Su babu ruwa a cikinsu.

Batir mai kama da kwabo

Sunansa CR2032: faɗi milimita 20, kauri 3.2, bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin bayos, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta, idan babu wuta. In ya ƙare, kwanan wata ya koma shekarun baya, kwamfuta ta riƙa neman a danna F1 a kowace kunnawa, shafukan intanet su ƙi buɗewa don takardun tsaronsu ba su dace da kwanan ba. Wasu allunan ma ƙin tashi suke gaba ɗaya. Sauya shi, fuskar da ke da alamar tarawa tana sama. Kusa da shi akwai fil uku da 'yar hular roba a kan biyu. Matsar da ita zuwa ɗaya gefen na daƙiƙa goma, wuta a zare, yana mayar da bayos yadda ya fito daga kamfani.

Ƙura da hunturu

Ƙurar hunturu tana yin daɓe tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen sanyaya, in damina ta zo ta sha raɓa ta fara cin tagulla. Fitar da akwatin waje, ka kaɗe da burushin fenti mai laushi da abin hura iska, kana riƙe da fankar don kada ta yi ta juyawa. Fetur da ruwa ba su da wuri a nan. Sifirit mai tsabta a kan auduga ya wadatar, a bar shi ya bushe. Bakin ram mai ruwan zinare kuwa kilinar goge fensir ke wanke shi. Tsohon man da ke kan firosesa a goge shi tas, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya.

Busasshiyar iskar hunturu ita ce ke sa mayafi ya yi tartsatsi da dare, kuma wannan tartsatsin yana kashe cif ba tare da ka ji ba. Taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa bod, ka riƙe allon ta gefe-gefe, kada ka ɗora shi a kan darduma ko bargo.

Kunnawar farko

Gwada bod a waje, a kan kwali, kafin ka ɗaure shi: firosesa da fankarta, ram ɗaya, fawa-fak, allon kallo, da ɗan lasifikan bod. Filoli biyu masu rubutun PWR SW in ka haɗa su da bakin sukundireba na ƙiftawar ido, zai tashi. Saurari kukansa. A bayos na Award, gajeren kuka ɗaya lafiya ke nan, dogo ɗaya da gajeru biyu matsalar hoto, dogaye masu maimaituwa kuma ram. Na AMI da Phoenix lissafinsu daban. In ka cire ram gaba ɗaya ya yi kuka, bod da firosesa suna da rai, sai ka ci gaba da ƙara kaya ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Wajen ɗaurewa, tabbata kowace 'yar ƙafar tagulla da ke jikin akwati tana ƙarƙashin ramin sukuru. Guda ɗaya da ta zauna inda babu rami za ta taɓa bayan bod ta haɗa wuta. A wayoyin gaba, na makunni ba ruwansu da juyi, na fitilu ne kawai ke da gaba da baya. Had-disk biyu a wayar IDE ɗaya kuwa sai an saita ɗaya babba ɗaya mabiyi da 'yar hular da ke bayansu.

Me za a ɗora mata?

Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025, sannan Windows 11 ba ta amince da waɗannan firosesoci ba. Kwamfutar da aikinta buga takardu ne da firinta, ba ta shiga intanet, za ta iya zama da tsohuwar Windows ɗinta, a dai kula da filashin da ake soka mata. Wadda za a shiga banki ko imel da ita, Linux mara nauyi kamar Lubuntu ko Linux Mint Xfce ya fi mata, tun da Core 2 Duo tana ɗaukar bit 64. In da sauran kuɗi, a saya mata SSD ko da ƙarami ne. Kafar SATA ta bod ɗin ba ta wuce megabait 300 a daƙiƙa, amma hakan ma ya ninka saurin tsohon had-disk, kuma wayoyi biyu ne kawai za ka zare daga wancan ka soka a wannan.