Aikin Majalisar Ƙaramar Hukuma Wajen Kula da Muhalli da Harkokin Jama'a: Nazari a Kan Ƙaraye da Rogo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana nauyin da doka ta ɗora wa majalisar ƙaramar hukuma game da muhalli da zaman jama'a, da kuma dalilan da kan hana ta sauke shi. An zaɓi Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, saboda ƙasa ce ta noma da kiwo, wadda rayuwar mutanenta ta rataya a kan gona da daji da ruwa. Abin da za mu nuna shi ne, an bar wa majalisa aikin da En'e ke yi a da, amma ba a bar mata kuɗi da hannuwan da En'e ta yi aikin da su ba.

2.0 Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

A zamanin En'e, umarni kan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Duba-gari na bin gidaje yana duban randa da masai da kwata, malamin daji kuma na hana sarar itace a gandun daji. Duk wanda ya saɓa, akwai ɗan doka da alkali. Wannan tsari ba ya rasa zalunci, amma dai ido na kan kowane lungu.

Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e. Gyaran fuskar da aka yi a 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk faɗin Nijeriya, ya mayar da majalisun sarakuna masu ba da shawara. A 1979 kuma gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun sami sauƙi ƙwarai, sai dai daga nan hukumomin karkara suka ƙara dogaro da kason da ke zuwa daga sama.

3.0 Abin da doka ta tanada

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ya kuma sa ta cikin harkar ilmin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta fi waɗannan nauyi a ƙasa irin Ƙaraye da Rogo. Ta ba ƙaramar hukuma ikon mallaka wa mutum filin karkara bisa al'ada, har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da neman amincewar gwamna ba. Ke nan makomar burtali da makiyaya da mashaya tana hannun majalisa. Idan ta ba da izinin noma a kan hanyar shanu, ita ta shuka rigimar da za a girba da kaka.

4.0 Misalin madatsar ruwa ta Calawa

A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Calawa a ƙasar Ƙaraye, bayan ta Tiga da aka gama a 1974. Bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984, ba wanda zai musa amfanin tara ruwa. Noman rani da su sun samu, birnin Kano ma ya amfana.

Amma ruwa kan zo da nasa larurori. Fadamar da shanu ke kiwo da rani takan zama lambu, sai makiyayi ya rasa hanyar mashaya. Kwantaccen ruwa kan haifar da sauro da ciwon tsargiya. Noma har bakin gaɓa da sare bishiyoyi kan sa zaizaya ta kwashe ƙasa ta zuba a cikin madatsa. Tarewa da sakin ruwa kuwa suna hannun hukumomin da ke sama, irin su Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Majalisa ba ta da ta cewa a kan ruwan, amma ita ake kai wa kukan abin da ya haifar.

5.0 Sarauta da kuɗi

A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar, a watan Yuli kuma aka sake kafa ta a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Duk da wannan kai-kawo, dagaci da mai unguwa su ne suka san iyakar kowace gona, su ne kuma ake fara kai wa ƙara. Majalisa na da doka, su kuma suna da sanin ƙasa.

Ta fuskar kuɗi, kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kai tsaye. Hukuncin zai amfani muhalli ne kawai idan an ware wani abu domin ma'aikatan tsafta da na daji da wuraren renon itatuwa.

6.0 Kammalawa

Bisa ga bayanan da suka gabata, muna ba da shawara uku. Na farko, majalisun biyu su auna burtalai da mashayu, su kafa musu alamu, su rubuta su a rajista ɗaya, tun da shanu ba su san iyakar ƙaramar hukuma ba. Na biyu, kada a sa hannu a takardar fili sai an ji ta bakin dagaci da wakilin makiyaya. Na uku, a nema wa majalisa kujera a duk inda ake tsara amfani da ruwan Calawa. Biyun farko ba sa bukatar sabuwar doka, ikon yin su yana hannun majalisa tun 1978.